Idon da Ke Jan Sanda: Tarihin Saiti a Wasan Sunuka

Abin da ake kira sunuka a garuruwan Arewa, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina, galibi ƙaramin teburi ne da kafinta ke haɗawa, ya shimfiɗa masa koren ƙyalle, a girke shi a rumfa ko kusa da gidan kallon ƙwallo. Teburin da ake gasar duniya a kansa ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, domin tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa ƙafa 6, ƙwallayensa kuma 22. Duk da haka, darasin farko da ake yi wa sabon shiga iri ɗaya ne a ko'ina. Ana ce masa ya sunkuya, ya ɗora tsakiyar haɓarsa a kan sanda, ya bar ta ta ratsa daidai ƙarƙashin karan hancinsa. Wanda aka ga ya goce da kai gefe ɗaya, sai a yanke hukuncin cewa bai iya tsayuwa ba.

Tarihin wasan bai goyi bayan wannan hukunci ba. Mutumin da ya ci gasar duniya sau 15 ba tare da an taɓa fitar da shi ba, a ƙarƙashin idonsa na hagu yake jan sanda. Dalilin haka yana komawa ga wata tambaya da ta girmi sunuka da ɗaruruwan shekaru: tun da idanun mutum biyu ne, daga ina yake hango layi ɗaya miƙaƙƙe?

Ido biyu, layi ɗaya

Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idon baligi tana kaiwa kimanin milimita 63. Faɗin ƙwallon sunuka kuwa milimita 52.5 ne. Ke nan ratar da ke tsakanin idanun ɗan wasa ta fi ƙwallon da yake auna faɗi, kuma kowane ido daga kusurwarsa yake kallon sandar. Mai karatu zai iya gwada wannan yanzu. Ya miƙe hannu, ya rufe wani abu mai nisa da babban yatsansa, sannan ya riƙa rufe idanunsa ɗaya bayan ɗaya. Zai ga yatsan yana tsalle daga wuri zuwa wuri. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan nan biyu ta mayar da su ɗaya, ba tare da mutum ya san an yi wani aiki ba.

A harkokin yau da kullum wannan bambanci ba ya hana komai. A kan teburi kuwa lissafin ba ya yafiya. Idan farar ƙwallo ta sauka a jikin wadda ake so a jefa da gocewar milimita ɗaya tak, ƙwallon za ta kauce da fiye da digiri ɗaya. Kafin ta yi tafiyar mita biyu, ta bar hanya da kusan santimita huɗu, alhali bakin ramin bai kai faɗin ƙwallo biyu ba. Akwai kuma matsala ta biyu. Wanda ke ganin tsakiyar farar ƙwallo a inda ba nan take ba, zai riƙa dukanta a ɗan gefe, ta tafi tana juyi, ta kauce daga layin da ya nufa. Hannunsa lafiya lau, bugunsa miƙaƙƙe, amma kullum ta gefe ɗaya ƙwallonsa ke kuskure rami. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. A sunuka, kimar da ake nema ta milimita ce.

Allon Ibn al-Haisam da sandar Porta

Cikin waɗanda suka fara sa wannan tambaya a ma'auni akwai Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rubuta Kitab al-Manazir a Alƙahira a farkon ƙarni na 11. Ya bayyana wani allo mai tsawon kamu ɗaya da faɗin yatsu huɗu, aka fafe masa gurbin hanci a baki ɗaya. An ja layi a tsakiyarsa, da wasu layuka biyu da suka gitta juna daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan aka jera 'yan gumakan kakin zuma masu launi daban-daban a kai. Mai gwaji zai ɗora allon a hancinsa ya kafa ido a kan na tsakiya. Abin da zai gani shi ne layin tsakiya ya rabu biyu, layukan da suka taso daga gaban kowane ido kuma sun haɗe sun zama kamar guda ɗaya a tsakiya. Duk ɗan wasan da ya taɓa sunkuyawa ya kafa ido a ƙwallo mai nisa, ya ga sandarsa ta zama biyu a ƙarƙashin haɓarsa, ya maimaita gwajin Ibn al-Haisam ne bai sani ba.

Bayan kusan shekara ɗari shida, a 1593, wani masani ɗan birnin Naples na Italiya, Giambattista della Porta, ya wallafa littafi kan lanƙwashewar haske, inda ya bayyana abin da yanzu ake kira rinjayen ido. Gwajinsa da sanda ne. Mutum zai riƙe ta a gabansa, ya daidaita ta da wata alama a jikin bango idanunsa biyu a buɗe, sannan ya rufe ɗaya. Idon da aka bari a buɗe sandar ba ta motsa daga alamar ba, shi ne mai rinjaye. Porta ya ɗauka cewa idon dama ne ke da fifiko, kamar yadda hannun dama yake da shi.

A nan ya yi rabin gaskiya. Lokacin da Walter Miles, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya auna mutane masu yawa a 1929 da 1930 ta hanyar sa su leƙa ta cikin wani mazurari, ya tarar kusan kashi biyu cikin uku da idon dama suke saiti, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma da na hagu. Binciken da ya biyo baya bai yi nisa da wannan adadi ba. Amma bahagwai a duniya ba su wuce kimanin mutum ɗaya cikin goma ba. Ashe akwai ɗimbin mutanen da hannunsu na dama ne, idonsu na saiti kuma na hagu. Tsarin jijiyoyi ma ya nuna dalilin da ya sa ido bai bi hannu ba. Kowane hannu sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa shi, amma kowane ido yana aika saƙo zuwa sassan biyu duka, saboda rabin jijiyoyinsa ne kawai ke tsallakawa ɗaya ɓangaren.

Maharba sun san wannan matsala tun kafin a ba ta suna. Wanda ya ɗora bindiga a kafaɗar dama alhali idonsa na hagu ne ke jagora, harbinsa gefe yake zuwa, sai dai ya runtse idon ko ya sauya kafaɗa. Yaron da ke harbin tsuntsu da danƙo ma, idan aka lura, akwai idon da yake jawo robar zuwa gare shi, kuma babu wanda ya koya masa.

Sai dai wani Bajamushe, Ewald Hering, ya zo da ƙarin bayani a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Ya nuna cewa idan idanu biyu suna buɗe, mutum yana jin alƙiblar abubuwa ne daga wani wuri guda a tsakanin idanun, kamar dai akwai ido na uku a ɓoye. Wannan wuri ba lallai ne ya faɗo daidai kan karan hanci ba. A wurin wasu yana tsakiya, a wurin wasu ya ɗan karkata dama ko hagu. Ra'ayoyin nan biyu, na Porta da na Hering, su ne har yau masu koyar da sunuka ke jayayya a kansu.

Daga barikin Jabalpur zuwa hannun Joe Davis

Sunuka kanta a barikin sojan mulkin mallaka aka haife ta. A 1875, a garin Jabalpur na Indiya, wani matashin hafsan Birtaniya mai suna Neville Chamberlain, wanda ba shi ne firaministan da ya zo daga baya ba, ya ƙara ƙwallaye masu launi a wani wasan teburi da hafsoshi ke yi. Kalmar da aka raɗa wa wasan asalinta ba'a ce da ake yi wa kuratan shekarar farko a makarantar soja ta Woolwich. An daidaita dokokinsa a Ootacamund a farkon shekarun 1880, daga nan ya bi jiragen ruwa zuwa Ingila da sauran ƙasashen da Birtaniya ta mulka.

Wanda ya ɗaga shi daga wasan hira zuwa sana'a shi ne Joe Davis, ɗan mai haƙar kwal da aka haifa a 1901 a yankin Derbyshire. Da hannunsa aka shirya gasar duniya ta farko a 1927, ya kuma cinye ta a Birmingham bayan ya doke Tom Dennis, aka ba shi fam shida da sule goma. Ya ci gaba da riƙe kambin har 1940, yaƙin duniya ya tsayar da gasar, ya dawo ya sake ci a 1946, sannan ya janye daga gasar ba tare da an taɓa cin sa a cikinta ba. A 1955 ya yi bugun maki 147 a jere, wanda shi ne na farko da hukumar wasan ta amince da shi.

Duk wannan da ido ɗaya mai ƙarfi ya yi shi. Idon Davis na dama ba ya kama abu sosai, don haka sai ya riƙa ajiye sandar a hagun haɓarsa, ƙarƙashin idon da ke masa aiki. Littafinsa na koyarwa, How I Play Snooker, ya fito a 1949, kuma shi ne ya zama madogarar tsayuwar da ake koyarwa har yau: ƙafa a kafe, haɓa a ƙasa, kai ba ya motsi, damtse yana lilo a layi ɗaya. Steve Davis, wanda ba danginsa ba ne, da wannan littafi shi da mahaifinsa suka gina wasansa, ya kuma ci gasar duniya sau shida a shekarun 1980. Almajirai sun ɗauki sunkuyon da natsuwar kai, amma da yawa sun manta cewa malamin bai taɓa sa sandarsa a tsakiyar haɓa ba.

Bayan shi an sami wanda ya fi shi karkata. Graham Miles, ɗan Birmingham, idon hagu ne ke masa jagora ƙwarai, har sandarsa takan bi ta gefen fuskarsa kusa da kunnen hagu. Da wannan tsayuwa da kowane mai koyarwa zai so ya gyara, ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 1974, inda Ray Reardon ya doke shi, ya kuma ci gasar talabijin ta Pot Black a 1974 da 1975.

Akwai wata matsalar ido daban da ake yawan cakuɗawa da rinjaye, wato raunin gani. Fred Davis, ƙanen Joe, ba ya hango nesa, kuma ya daɗe yana ɓoye hakan. Sai da aka fitar da shi a wasansa na farko a gasar 1937 sannan ya nemi tabarau na musamman mai juyawa. A 1940 turmi ɗaya ne kacal ya raba shi da wansa a wasan ƙarshe, daga baya kuma ya ci kambin duniya sau takwas. Dennis Taylor ma tabarau ne ya cece shi. Tabarau na yau da kullum ba ya amfanar mai sunkuyo, domin ta samansa yake leƙe. Jack Karnehm, mai sharhin wasan a BBC wanda ya san sana'ar haɗa tabarau, ya yi masa wani mai tsawo zuwa goshi, har mutane na cewa a kife ya sa shi. Da shi Taylor ya farfaɗo daga ci 8 da nema a wasan ƙarshe na 1985 a Sheffield, ya doke Steve Davis 18 da 17 a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe, mutum miliyan 18.5 suna kallo a Birtaniya bayan sha biyun dare.

Abin da ɗakin gwaji ya ƙara

Da zarar labarin rinjayen ido ya bazu, sai aka mayar da shi sabuwar ƙa'ida: gano idonka mai rinjaye, ka sa sanda a ƙarƙashinsa. Bincike ya nuna cewa wannan ma ta yi gajarta.

A 1994, Bruce Abernethy da abokan aikinsa a Ostireliya sun gwada ƙwararrun 'yan sunuka da matsakaita da sababbin shiga. A gwaje-gwajen asibitin ido, kamar kaifin gani da tantance launi da auna zurfi, ƙwararrun ba su fi sauran ba. Inda suka yi fice shi ne tuna yadda ƙwallaye suke a teburi da tsara bugu da yawa gaba. Ke nan gwani ba ido na musamman aka haife shi da shi ba.

A 2001, Aarlenne Khan da Douglas Crawford a Jami'ar York da ke Toronto sun nuna cewa rinjayen ido ba a kafe yake ba. Idan abin da ake kallo ya koma can hagu, idon hagu yakan karɓi jagora ko ga wanda idonsa na dama ne ke rinjaye, haka kuma idan ya koma dama. Wannan yana da ma'ana ga ɗan wasa, domin wanda ya sunkuya fuskarsa a ɗan juye ba lallai ne ya yi saiti da idon da gwajin tsaye ya nuna masa ba. A 2003 kuma Alistair Mapp da Hiroshi Ono da Raphael Barbeito suka bi binciken da aka tara, suka kammala da cewa idon saiti shi ne kawai wanda mutum ya saba zaɓa idan aiki ya tilasta masa amfani da ɗaya. Idan biyun suna buɗe, maganar Hering ce ke aiki.

Masu koyarwa sun iso wannan matsaya ta hanyarsu. David Alciatore, tsohon farfesan injiniyanci a Jami'ar Jihar Colorado wanda ya daɗe yana nazarin wasannin teburi, yana koyar da cewa kowane ɗan wasa yana da cibiyar ganinsa, wato inda zai ajiye kai a kan sanda ya ga miƙaƙƙen bugu a miƙe. A Ingila, Stephen Feeney ya gina tsarin koyarwa mai suna SightRight a kan irin wannan tunani. Stuart Bingham, wanda ya yi aiki da shi, ya ci gasar duniya a 2015 yana da shekara 38. Mark Williams ya koma wurinsa bayan wasansa ya yi sanyi, ya kuma ci gasar a 2018 yana da shekara 43, shekara 15 bayan nasararsa ta baya. Nasarar mutum biyu ba ta isa hujjar kimiyya ba, kuma ba kowane gwani ne ya karɓi tsarin ba. Amma ta nuna cewa ɗan wasa zai iya shafe shekaru da yawa a sana'a yana kallon layin daga inda bai dace da idanunsa ba.

Gwajin kansa ba ya buƙatar na'ura. A jera farar ƙwallo da wata a layi ɗaya da tsakiyar rami, a shimfiɗa sanda a kan layin, a tabbatar da zare ko ma'auni cewa a miƙe take. Sai ɗan wasa ya sunkuya ya riƙa matsar da kansa dama da hagu a hankali, ba tare da taɓa sandar ba, har ya sami wurin da sanda da ƙwallayen biyu da rami suka bayyana masa a layi ɗaya. Nan ne mazaunin haɓarsa, ko a tsakiya ya faɗo ko a gefe. Abin da ya rage shi ne ya riƙa komawa wurin a kowane bugu, kuma ya fara auna layin tun yana tsaye kafin ya sunkuya. Kowane allazi da nasa amanu.

Rinjaye daban, rauni daban

Akwai wani darasi a wannan tarihi da ya fi cin turmi muhimmanci. Graham Miles da Joe Davis duka a hagu suka ajiye sanda, amma ana danganta karkatar Miles da rinjaye, ta Davis kuwa da idon da ba ya gani sosai. Daga waje ba a iya bambance su. Rinjayen ido ba cuta ba ne, kuma ba ya buƙatar magani. Raunin ido ɗaya kuwa yana buƙata, kuma yakan ɓuya shekara da shekaru saboda ɗayan idon yana rufa masa asiri.

A farkon shekarun 1960, David Hubel da Torsten Wiesel sun gano cewa idan aka rufe ido ɗaya na ɗan kyanwa a makonninsa na farko, sashen gani na ƙwaƙwalwa yakan sallama kansa ga ɗaya idon, ko da an buɗe na farkon daga baya. Wannan aiki na cikin abin da ya ba su lambar Nobel a 1981. Irin haka na faruwa ga yaro mai harara-garke ko wanda ido ɗaya ya fi ɗayan buƙatar tabarau. Ƙwaƙwalwa takan yi watsi da hoton da bai fito sosai ba, idon ya zama malalaci. Kimanin yara biyu zuwa uku cikin ɗari ne ke da wannan lalura, kuma maganinta, wato tabarau da rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi, ya fi ci kafin yaro ya kai shekara bakwai ko takwas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga manya ma, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa rashin tabarau ne kan gaba wajen haddasa raunin gani mai sauƙi da matsakaici.

A ƙananan hukumomi irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda ganin likitan ido kan buƙaci tafiya zuwa babban gari, wasa na iya zama wurin da alamar ke fara bayyana. Matashin da kullum yake juya fuska gefe ɗaya a kan teburi, da ɗalibin da ke karkatar da kai yana kallon allo, gwajinsu ɗaya ne kuma kyauta ne: a rufe ido ɗaya da tafin hannu a karanta rubutu mai nisa, sannan a sauya. Idan idanun biyu sun karanta daidai, karkatar tasa ce, kuma babu dalilin gyara masa tsayuwa. Idan ɗaya ya gaza, maganar ta tashi daga hannun mai teburi ta koma ta asibiti, ko na kusa, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano. Ga yaro ƙarami kuwa, kowace shekara da aka jinkirta tana rage abin da za a iya ceto.